Ranar da Na Hau Kan Cittata a Kwatano

Tun da hoton nan ya fita ban huta ba. Wanda ake ganina zaune can bisa tulin buhuna, na miƙe ƙafa ba takalmi, ga wani ƙaton mutum tsaye a ƙasa ya harɗe hannu. Matan zumunta sun tare ni a bakin coci. Hajiya Lami, ƙawata mai sayar da atamfa, ta taso tun daga Makera har shagona a Barnawa don ta ji da kunnenta. Ran nan har mai keke napep ɗin da na shiga ya waiwayo ya ce, "Madam, ke ce kika ɗauki bodigad?" Wasu sun ce kuɗi ne ya yi mini yawa, wasu sun ce kama ni aka yi a ƙasar waje. To ga shi na rubuta sau ɗaya, duk mai tambaya in miƙa masa ya karanta, in samu in yi harkar gabana.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Saratu, citta nake sayarwa. Da buhu ɗaya na fara, ina sarowa daga Kachiya ina kasawa a bakin titi, yau shekara ashirin da ɗoriya. Abu ɗaya aka san ni da shi: cittata busasshiya ce. In ka karya ta za ka ji ƙas, ba ta lanƙwasa. Matan da ke shanya mini ita a ƙauye sun san ba na karɓar mai danshi ko da 'yar ɗakinmu ce ta kawo. Sunana kuma yana jikin kowane buhu da koren fenti.

A bana na samu mai saye na farko daga ƙetare, wani Ba'indiye, ya ce a kai masa kayan zuwa Kwatano domin a can yake lodin jirgin ruwa. Aka haɗa ni da wani ejan mai sito kusa da tashar jiragen, ana kiransa Musye Firmin. Na tura masa tirela guda. Bayan kwana goma sai ga wayarsa, yana magana a hankali kamar mai ta'aziyya. Wai cittar ta iso da danshi, har ta fara funfuna. Wai mai duba kaya na Ba'indiyen zai zo ranar Alhamis da ƙarfe huɗu, in ya gani zai ƙi ta, ya kuma rubuta sunana a cikin waɗanda ba a sayen kayansu. Gara in sakar masa ita ya san yadda zai rabu da ita a ɓoye, in tsira da mutuncina.

Na ce masa ina zuwa.

Ya ce unguwar sito ba wurin mace ba ce, 'yan daba sun yi yawa. Na ce ina zuwa. Da ya ga haka sai ya kira ɗana Ishaya, wanda ke aiki a Abuja, don shi ke rubuta mini wasiƙun cinikin. Ban san abin da ya faɗa masa ba, amma washegari na ga Ishaya a ƙofar gida, ko jaka babu.

"Mama, ba za ki je ba."

"Wa ya haifi wani tsakanina da kai?"

"Mama, ba wasa nake yi ba. Mutumin ya ce ana yanka mutane a wurin."

"Shi me ya hana a yanka shi?"

Muka yi ta yi har abinci ya huce. A ƙarshe muka shirya a kan zan tafi, amma da mai tsaron lafiya. Akwai kamfanoni a Kwatano da aikinsu ke nan, su ba baƙon ɗan kasuwa mutum da mota su riƙa bin sa. Musye Firmin ne ma ya ba Ishaya lambar wani. Suka aiko da fom: wane irin jini gare ni, wane magani nake sha, wa za a kira in wani abu ya same ni. Na ce wa Ishaya wannan takardar tafiya ce ko ta wasiyya? Akwai kuma yarjejeniya shafi uku da Turanci. Na sa tabarau na karanta ta tsaf kafin in sa hannu, don ban taɓa sa hannu a abin da ban karanta ba.

Ranar Litinin da asuba na shiga motar Legas. Kusa da ni wani Alhaji ne ɗan Tudun Wada mai sayar da injin mota, ya ce Kwatano kamar gida take a wurinsa. Tun kafin mu kai Abuja ya fara ba ni karatu. Ya ce mutanen can ba sa wasa da hutun rana, sha biyu da rabi na yi kowa zai ja ƙofa ya tafi cin abinci, ko wuta ce ta kama sai ƙarfe uku. Ya ce in kuma na rasa gane kan garin, in nemi Zongo, can mutanenmu suke.

Bayan Lakwaja na jawo wa kaina magana. Na taho da yajina a gwangwani, don ban san abin da zan tarar ba. Mota ta faɗa wani rami, jaka ta faɗo daga sama, murfi ya yi nasa wuri. Kafin ka ce me, motar nan kaf ta ɗauki atishawa. Direba ya faka yana hawaye yana tambaya wa ya sako barkonon tsohuwa. Wata mata a baya ta yi ta zagi da Yarbanci, na gode Allah ban ji ba. Na tashi na ba kowa haƙuri, amma na ƙara da cewa duk wanda ya ji ƙarfin cittar nan ya kuma yi sha'awa, shagona yana Barnawa. Alhajin ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Na kwana gidan wata 'yar garinmu a Ojo, da safe na bi ta Badagiri zuwa Seme, bakin iyaka. Wuri ne da ba ka sanin wa ke tafiya wa ke dawowa. Masu canji riƙe da sefa, mata da abarba a ka, kowa na jan hannun rigarka. Na bi layi, aka duba katin rigakafi, aka buga mini hatimi. Taku kaɗan na yi sai na ji Turancin da na sani ya ƙare, kowa ya koma magana ta hanci.

A nan na gan shi. Dogo ne baƙi, wuyansa kamar turmi, ya sa baƙar kwat cikin wannan zafi, da wata 'yar waya maƙale a kunne, yana riƙe da kwali mai sunana. Ya ce sunansa Kosi. Abin da ya ba ni mamaki, da Hausa ya faɗa. Ashe tsohon soja ne, ya daɗe a arewacin ƙasarsu wajen iyakar Nijar. Na ji daɗi, na miƙa masa jakata. Bai karɓa ba.

"Ba na ɗaukar kaya, Madam. Dole hannuna ya zama a sake."

"Ƙato kamarka, ka bar sa'ar uwarka da jaka?"

"Ƙa'idar aiki ce, Madam."

Haka na ja jakata har mota, yana biye da ni yana dube-dube. A Kaduna ko ɗan maƙwabcin da ba kwa shiri da uwarsa ba zai yi maka haka ba.

A mota ya karanto mini dokoki. In zauna a bayan kujerarsa. Kada in sauke gilashi. Ba zai yi nesa da ni fiye da taku uku ba. Kada kuma in tsaya gaisawa da wanda ban sani ba. Na ce masa, to in ban gaisa da mutum ba ta yaya zan san shi? Ya ce ba sai na san kowa ba. Na dai ajiye maganar a raina.

Kwatano garin kaya ne. Duk inda ka duba tirela ce da kwantena a bayanta, wasu na shiga tasha wasu na fita, a tsakaninsu kuma 'yan acaɓa masu rawayar riga kamar an watsa su. Na ga mata da takalmi mai tsini suna tuƙa babur, jariri a baya, ba mai kallonsu. Na ga ana sayar da fetur a manyan kwalabe a bakin hanya kamar zoɓo. Duk ta cikin gilashi na gani, kamar mai kallon talabijin.

Da muka isa otal ya ce in tsaya a bakin ƙofa. Ya shiga ya leƙa ƙarƙashin gado, ya ɗaga labule, ya buɗe banɗaki. Na ce in ya samu ɓarawon ya tambaye shi ko ya ga tawul, don ni ban gani ba. Ko murmushi bai yi ba. Abinci kuwa, aka kawo mini burodi mai tsawon taɓarya, mai tauri kamar icce, da ɗanyen ganye an yayyafa masa mai. Kosi ya tsaya a kaina yana fuskantar ƙofa. Na ce ya zauna mu ci. Ya ce ba ya ci tare da wanda yake tsaro. Mu a gida, ka ci abinci wani na tsaye a kanka abin kunya ne. Na barbaɗa ragowar yajina a kan ganyen na tura da ƙyar.

Ranar Laraba da safe muka je sito. Musye Firmin siriri ne, yana ƙamshin turare, ya taho da sauri zai manna mini kumatunsa irin gaisuwarsu. Hannun Kosi ya shiga tsakani. Wannan kam na gode masa.

Musye Firmin ya kai ni layin buhunan gaba, ya sa wuƙa ya farke buhu. Sunana ne a jiki, da koren fentina. Cittar da ta zubo kuwa laushi gare ta, ta yi fari-fari da funfuna. Na ɗauki ɗaya na lanƙwasa, ta bi hannuna kamar roba. Na tuna matan da suka yi makonni suna juya ta a kan dutse cikin rana.

Sai idona ya kai bakin buhun. Ɗinkin inji ne, da farin zare, a miƙe sumul. Ni kuwa buhuna ba su taɓa ganin inji ba. Malam Tanko da mutanensa a Kakuri ke ɗinke mini su da basilla da koren zare, su bar kunne biyu a gefe don kamawa. Na ce ina so in ga na baya, babban tulin da ke jikin bango. Musye Firmin ya ce wurin da duhu, kuma duk ɗaya ne. Kosi ya dubi agogo.

"Madam, minti goma ya cika. Mu tafi."

Muna fita, wani dattijo cikin 'yan dako, da gammo a hannu, ya taso ya ce, "Sannu da zuwa Hajiya, ya hanya?" Kafin in buɗe baki Kosi ya dafa ƙirjinsa ya mayar da shi baya. Dattijo mai furfura! Ya sunkuyar da kai ya koma wurinsa.

Na bari sai da muka shiga mota.

"Wa ya ce minti goma?"

"Ofis."

"Wa ya gaya wa ofis?"

Ya ce, "Musye Firmin ne ya ba da bayanin wurin. Ya ce akwai haɗari."

"Kai da ka shiga, ka ga haɗarin?"

Ya kau da kai. Na gane ba da shi aka haɗa baki ba. Aikinsa yake yi tsakani da Allah, sai dai wani ya auna aikin ya ga zai yi masa amfani: a rufe tsohuwa a mota, kada ta ga komai, kada ta ji kowa.

Na ce, "Kai ni Zongo."

"Ba ya cikin tsarin yau, Madam."

"To direba ya tsaya. Ga masu rawayar riga can, zan hau ɗaya, ka ga yadda za ka yi taku ukun naka."

Ya dubi 'yan acaɓan, ya dube ni, ya yi wa direba magana da yarensu. Muka juya.

A Zongo na ji kamar an sauke ni a Tudun Wada. Ga masu shayi, ga mai yankan farce, ga Hausa ta kowace fuska, ta Kano da ta Nijar da wata da ban taɓa ji ba. Na samu rumfar mai tuwo na zauna a benci, na ci tuwon masara da miyar kuka har na yi gumi. Na tambaye ta inda 'yan dakon sito ke cin abincin rana. Ta ce yawancinsu nan suke zuwa, in ɗan jira.

Ba a jima ba sai ga dattijon. Zan kira shi Baba Garba, ba sunansa ba ke nan. Na tashi na rusuna na gaishe shi, na ba shi haƙuri. Na juya wajen Kosi na ce, "Kai ma." Ya cire wayar kunnensa ya ce, "Baba, a gafarce ni."

Na ce wa Baba ni ba Hajiya ba ce, Saratu ce. Ya ce a nan duk mai kaya Hajiya ce. Mutumin Maraɗi ne, ya tsufa a dakon sito. Sai da muka gama tambayar gida da damina da lafiyar iyali, sannan ya rage murya.

"Ni ɗan dako ne, abin da aka ce in ɗauka nake ɗauka. Amma wuyana ya san buhun da ya bushe da wanda ya sha ruwa. Ranar da muka sauke kayanki, wuyana bai yi ƙara ba."

Ya ce Musye Firmin yana da tasa cittar da ruwa ya buga a hanya. Ita aka ɗura a buhunan layin gaba, aka ɓoye tawa. Da ya ji na iso gari kuma, sai ya ce musu gobe da hutun rana, in unguwa ta watse, mota za ta zo a kwashe babban tulin a kai wani wuri. In mai dubawa ya zo da ƙarfe huɗu, a nuna masa layin gaba, a ce sauran ya ruɓe an zubar.

"Baba, me ya sa ka gaya mini? Aikinka fa?"

"Na so in gaya miki tun da safe," in ji shi, yana kallon Kosi. "Gaisuwa ce ba a bari mun gama ba."

Na koma otal na zauna ina tunani. In na kai ƙara, ba na jin Faransanci, kafin a gane maganata mota ta tafi. In na kira Ba'indiyen, shi mai dubawarsa kawai ya sani. Ba ni da kowa a garin sai mutum ɗaya, shi ma an ɗauke shi ne don ya tsare jikina, kaya ba ruwansa. Na tambaye shi ko zai je ya tsaya a kan buhunan gobe. Ya ce kamfaninsu mutum yake tsarewa, ba kaya ba. Na ɗauko yarjejeniyar nan na sake sa tabarau. A shafi na biyu na samu abin da na tuna na gani tun a Barnawa.

Ranar Alhamis na kira Musye Firmin na ce na yi tunani, zan zo mu ƙare magana. Murna har a muryarsa. Sha biyu saura muka isa, ya shirya takarda da biro a kan tebur. Na wuce shi, na wuce layin gaba, na nufi bango. Na cire takalmi, na gyara ɗaurin zane, na kama kunnen buhu. Don wannan ake barin kunnen. Na shekara hamsin da biyar, amma tun kafin a haifi Ishaya nake hawa lodi.

"Madam!" in ji Kosi. "Madam, sauko!"

Na kai sama na zauna daram, na miƙe ƙafa, na ɗora jaka a cinya. Buhunan da ke ƙarƙashina duk koren zare ne, ƙamshinsu kuma na gida.

Na leƙo na ce, "Kosi, ka ce mutum kake tsarewa. To ga mutum."

Musye Firmin ya fara da dariya, ya koma lallashi, ya ƙare da ihu. Sha biyu da rabi ta yi, maƙwabta suka ja ƙofofinsu, sai ga mota ta shigo da baya. Ya umarci 'yan dako su fara ja daga ɗaya gefen. Suka matso ba da son ransu ba. Kosi ya ɗaga hannu ɗaya.

"Ba mai taɓa buhu. In aka ja ɗaya tulin zai motsa, Madam tana kai."

Musye Firmin ya kira ofishin su Kosi. Na ga Kosi ya dafe kunne yana saurare, sannan ya ɗago ya ce wai an ce akwai haɗari, ya sauko da ni ko da ƙarfi. Na buɗe shafi na biyu na karanta masa da babbar murya: ba a ɗaga wanda ake tsaro daga inda ya zaɓi zama ba da yardarsa ba, sai in mai tsaron da kansa ya ga ransa na cikin haɗari.

"Kai ne a nan, ba ofis ba. Duba ka gaya musu."

Mutumin nan, da kwat ɗinsa da takalminsa mai sheƙi, ya hau tulin. Ya danna nan, ya taka can, ya girgiza gefe. Ya sauka ya kakkaɓe gwiwa, ya yi magana a wayarsa da Faransanci, gajeruwa. Sannan ya ce mini, "Na gaya musu lodin ya zaunu da kyau. Haɗari ɗaya ne, in wani ya taɓa. Ba kuwa mai taɓawa."

Sai Musye Firmin ya fita ya dawo da masu gadin sitonsa biyu, ɗaya da kulki. Kosi ya cire kwat ɗinsa a hankali, ya ninke, ya miƙo mini sama.

"Mama, riƙe mini."

Ranar ya fara ce mini Mama. Masu gadin suka dubi damatsansa, suka dubi mai gidansu, suka tuna ba su ci abincin rana ba.

Dabara ta ƙarshe, Musye Firmin ya ce a rufe ƙofar sito, in ya so zafi ya sauko da ni. Kosi ba zai iya barin taku ukunsa ya je ƙofa ba. Sai na ga Baba Garba ya ɗauko kwanonsa ya zauna a kan dokin ƙofar, sauran 'yan dako suka zauna a gefensa, suka fara cin abinci a natse. Ya ce lokacin hutu ne, kuma nan ne iska take. Ɗaya daga cikinsu ne ya ɗauki hoton da ya dame ku.

Kada wani ya ce muku zaman daɗi na yi. Kwanon rufin yana dab da kaina, zafi kamar a tanda. Cittar ta ratsa zane tana cin jikina, idona na ruwa. Ina da gorar ruwa amma kurɓa kawai nake yi, mata sun san dalili. Musye Firmin ya zo ƙasa ya tsaya yana ce mini mu yi magana irin ta manya, kowa ya samu. Na ce masa in yana da magana ya hawo.

Huɗu da 'yan mintoci mai dubawa ta iso. Ashe mace ce, da farar riga da na'urar auna danshi a hannu. Musye Firmin ya tare ta yana jan ta wajen layin gaba, ita kuwa idonta na sama. Na ce wa Kosi ya fassara.

"Gaya mata ni ce mai kayan. Ta zaɓi duk buhun da ta ga dama a ƙarƙashina. Kafin ta farke ta dubi ɗinkin bakinsa, ta je ta dubi na gaba."

Ta duba nan, ta je ta duba can, ta dawo. Ta nuna wani buhu a tsakiya, aka huda, ta cusa na'urarta. Ta nuna wani, ta nuna na uku. Na ce a miƙo mini citta guda. Na ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, na karya. Sito ya yi tsit, har 'yan bakin ƙofa sun ji ƙarar. Matar ta ɗauki ɗaya ita ma ta karya, ta sansana, ta yi atishawa, ta fara rubutu. Abin da ta faɗa wa Musye Firmin ban nemi fassara ba, fuskarsa ta isa. Kafin la'asar ta yi sanyi, da kansa ya nuna lungun da ya ɓoye cittar layin gaba.

Sai aka zo sauka, ƙafafuna suka ce ba su san zancen ba. Sun mutu murus. Kosi ya hawo ya sauko da ni kamar buhu, 'yan dako na tafi. Na ce masa ya yi a hankali, wannan lodin ba a jefa shi.

Ranar Juma'a aka loda kayan a kwantena a gaban matar, aka sa hatimi ina tsaye. Na roƙe ta, in tana da wani siton da ta yarda da shi, ta sa baki a ɗauki Baba Garba da mutanensa, don na san wancan wurin ya ƙare musu. Ta ce za ta yi, Baba kuma ya kira ni bayan mako biyu ya ce ta cika alkawari. Daga tasha na ce a wuce Zongo. Na sa aka zuba tuwo kwano biyu. Kosi ya dubi ƙofar rumfar, ya ja benci ya juya shi yadda zai fuskance ta, ya zauna ya wanke hannu.

A Seme, da muka fito daga mota, na kai hannu zan ja jakata sai na ji ba ta nan. Tana kafaɗarsa.

"Hannun naka fa?"

"Aiki ya ƙare a mota, Mama."

Ishaya yana ta faɗa wa mutane shawararsa ce ta cece ni. Na bar shi, ɗana ne. Hajiya Lami ta tambaye ni ko ban ji tsoro ba. Na ji mana, amma ba na kulki ba. Tsoron da na ji shi ne a rubuta a wata ƙasa cewa cittar Saratu tana lanƙwasa, alhali ina zaune a Barnawa wani ya ce mini in yi shiru. Masu cewa mace ba ta zuwa unguwar sito, baɗi ma zan koma, da tirela biyu in Allah ya yarda.

Satin da ya wuce na je ƙauye wajen masu shanya. Su ma sun ga hoton a wayar 'ya'yansu. Ba wadda ta tambaye ni ƙaton nan wane ne, ko yaya teku take. Babbarsu, wadda ta fi kowa faɗa in na mayar mata da kaya, ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni.

"Da kika karya a gabansu, ta yi ƙara?"

Na ce, "Har bakin ƙofa."

Ta gyaɗa kai, ta koma juya cittarta.